Sharhi: Kafin a manna “bio” a kan leda, a duba abin da ke cikin tiya

Duk mai leƙa shafukan saye da sayarwa na Facebook da rukunonin WhatsApp na Yamai, Maraɗi da Damagaram ya ga yadda wata ƴar kalma mai harafi uku ta zama kwalliyar talla. Garin zogale “bio”, zuma “bio”, man gyaɗa “bio”, salati da tumatir “bio”, har kaji da ƙwai. Kalmar ta Faransanci ce, kuma abin da ake nufi da ita shi ne amfanin da aka noma ba tare da takin zamani ko maganin ƙwari na kamfani ba. Galibin masu wannan talla matasa ne masu neman na kansu, wasu da jarin da wani yaya ko kawu ya turo daga Abijan, Akara, Jidda ko Faransa, kuma babu mai baƙin cikin ganin matashi ya kama sana’a. Sai dai in aka tambayi mai kayan wa ya shaida cewa hajarsa “bio” ce, amsar ba ta wuce shi kansa ba. Mai buga takardar da ake mannawa a jikin leda ba ya neman hujja, kuɗin aikinsa kawai yake karɓa.

A lokaci guda, uwar gida tana tsaye gaban mai awo a Katako, ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a babbar kasuwar Maraɗi, tana sayen tiyar wake. Ba leda, ba tambari. Abin da take dubawa shi ne ko waken ya huje. In ta ga shi sumul, ba ƙwaro ko ɗaya, wata shida ko bakwai bayan kaka, sai ta ce ta dace. Alhali a nan ne ya kamata ta tsaya ta tambayi abin da ya hana ƙwaron zama.

Tsakanin wannan leda da wannan tiya akwai tambayar da ta dace hukumomi su amsa: wace ce ta fi gaggawa? Tambarin “bio” zaɓi ne na mai hali. Abincin da ba ya cutarwa kuwa haƙƙi ne na kowa, har da wanda bai taɓa jin kalmar ba. Ƙasar da ta fara da tambari ta bar tiya, ta ɗora rufi ne kafin ta haƙa tushe.

A ƙasashen da kalmar ke da doka, ba wanda ke rubuta ta don ya ga dama. A Tarayyar Turai, dokar da aka zartar a 2018, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2022, ta ce gonar da ake shuka amfanin shekara sai ta yi shekara biyu ba a zuba mata haramtattun sinadarai ba kafin a kira amfaninta “bio”. Itatuwa masu ƴaƴa kuwa shekara uku. Manomi zai riƙe littafin duk abin da ya shiga gonar, daga iri zuwa taki, wani kamfanin tantancewa da hukuma ta yarda da shi ya riƙa zuwa bincike, kuma manomin ne ke biyan kuɗin. Abincin da aka sarrafa, sai kashi 95 cikin ɗari na amfanin gonar da ke cikinsa ya cika sharaɗin kafin a buga masa koren ganyen nan mai taurari. Amurka ma tana da nata tsarin tun 2002, da tara mai nauyi a kan wanda ya yi ƙarya. Ke nan “bio” shaida ce a kan yadda aka yi noma, wadda wani daban, ba mai gonar ba, ya sa wa hannu.

Amma ko a can, tambarin bai taɓa zama lamunin lafiya ba, kuma wannan ne abin da masu talla ke ɓoyewa ko kuma ba su sani ba. A 2011, a Jamus, wata ƙwayar cuta ta E. coli ta kwantar da mutane kusan 4,000, fiye da 50 suka rasu. Da aka bi sawu, sai aka tarar da tsiron hulba ne daga wata gonar “bio”, irin kuma an shigo da shi daga Masar. A 2020, Beljiyam ta gano sinadarin gas na kashe ƙwayoyin cuta da Turai ta haramta a cikin riɗin da ya fito daga Indiya. Aka janye dubban kayayyaki daga kantuna, cikinsu har da masu tambarin “bio”. A duka biyun, ba tambarin ne ya ceci mutane ba. Ɗakin gwaje-gwaje ne da jami’an da suka iya bin kaya daga faranti zuwa gona.

In aka dawo gida, akwai wata magana da ake yawan ji a tarukan bita: wai manomin Nijar ai “bio” yake nomawa tun kaka da kakanni, takarda ce kawai ba shi da ita. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Nijar na cikin ƙasashen duniya mafi ƙarancin amfani da takin zamani, nesa ƙwarai da kilo 50 a kowace hekta da shugabannin Afirka suka ɗaukar wa kansu a taron Abuja na 2006. Gonar hatsi da wake a tudu, sau da yawa ba ta ganin komai sai takin dabbobi da inuwar gawo. Amma wannan ba abin tinƙaho ba ne, rashi ne. Ƙasar da ta gaji tana buƙatar abinci, kuma wanda ke son ya ce wa manomin Mayahi ko Mirya ya guji taki don a sayar wa Turawa da labari mai daɗi, bai taɓa ganin rumbu ya ƙare a watan Afrilu ba. Abin lura shi ne, waken da ya fito tsab daga irin wannan gona ba a nan yake haɗuwa da guba ba. A sito yake haɗuwa da ita.

Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, tana girbe fiye da tan miliyan biyu a shekarun da damina ta yi kyau. Wake kuma yana da maƙiyi: ƙwaron da ke yin ƙwai a jikinsa tun a gona, ya ƙyanƙyashe a buhu, cikin ƴan watanni ya mai da shi gari da rami. Manomi ya san haka, shi ya sa yake rabuwa da waken da araha a kaka. Ɗan kasuwa da ya tara ɗaruruwan buhuna yana jiran farashi ya tashi shi ma ya sani, shi ya sa yake neman abin da zai kashe ƙwaron. Abu biyu ne suka fi yawo. Na farko ƙwayar Phostoxin, wadda in ta sha danshin iska take fitar da gas mai kisa. An yi ta ne don sito rufaffe, a hannun wanda aka horar, a naɗe ta kada ta taɓa hatsi, a kuma shaƙar da kayan iska kafin a fitar. Amma ana jefa ta tsirara cikin buhu, wani lokaci a jingine buhun a ɗakin da yara ke kwana. Na biyu ruwan maganin nan da kowa ya sani da piya-piya, wanda sinadarinsa, dikulorbos, ke cikin kwalaben Sniper da danginsa. Ba a yi shi don a yayyafa a kan abincin da za a auna wa mutane gobe ba. Yana taɓa jijiyoyi: ciwon kai, amai, dalalar miyau, sarƙewar numfashi. Gaskiya ne ƙarfinsa yana raguwa da daɗewa, wanki da dahuwa ma suna rage shi. Amma mai sayen tiya ba ta san ko jiya aka zuba ba ko wata uku da suka wuce, kuma ba ta san yawan abin da aka zuba ba. Wanda ya zuba ɗin ma da murfin kwalba ya auna.

Maƙwabciya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan ta yi ta samun dikulorbos a cikinsa. Iyakar da Turai ta yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo. Abin da aka riƙa samu ya kama daga 0.03 har zuwa 4.6, wato a wani samfurin ya ninka iyakar sau 460. Takunkumin da aka ce na shekara guda ne, aka yi ta tsawaita shi shekara da shekaru. Babu wanda zai ce abin bai shafi Nijar ba, tunda manyan motoci sun yi shekaru suna ɗaukar waken Maraɗi da Damagaram zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, kuma ta hanyar da waken ke fita ta nan kwalaben ke shigowa. Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne, Turai ta gano ne saboda ta gwada. Buhunan da ba su je Turai ba, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, an yi ƙosai da alala da shinkafa da wake da su, an cinye.

Abin haushin, maganin wannan matsala ba sabo ba ne, kuma Maraɗi na cikin wuraren da aka gwada shi aka tabbatar. Buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda jami’ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, masu bincike na cibiyar INRAN ta Maraɗi sun yi aiki a kansa sosai tun da aka fara yaɗa shi a 2007. In aka cika shi da busasshen wake aka ɗaure kowane riɓi da kyau, ƙwarin da ke ciki suna shanye iskar su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Kuɗinsa bai kai na ƴan tiyoyin wake ba, kuma in ba a huda shi ba ana sake amfani da shi. Jarka ko tano mai murfin da ba ya shan iska ma aiki ɗaya suke yi, kuma mata da yawa a karkara sun rungume su. Inda aka tsaya shi ne wajen manyan ƴan kasuwa, waɗanda ke lissafin cewa kwalba guda ta wadatar da buhuna masu yawa, kuma babu wanda zai zo ya tambaye su. Muddin waken da aka yi wa feshi da wanda aka adana a buhu mai riɓi uku farashinsu ɗaya a kasuwa, kuma hukuncinsu ɗaya, wato babu, to kwalba za ta ci gaba da cin kasuwa.

Wuri na biyu shi ne lambu. Noman rani ya ciyar da birane, ya riƙe samari da yawa da da sun tafi cin rani, daga fadamun Gulbin Maraɗi da filayen ban ruwa na Jiratawa zuwa lambunan bakin kogi a Yamai. Amma kabeji, tumatir, tattasai da zogale ƙwari na son su kamar yadda mutane ke so. Tun da tsutsar tumatir ta Tuta absoluta ta shigo yankin a shekarun 2010, feshi ya ƙaru, domin tsutsar tana ɓuya cikin ganye, kuma ta saba da magunguna da dama. In manomi ya ga bai ci ba, sai ya ƙara yawa, ko ya gauraya iri biyu ko uku a famfo guda. Kowane maganin ƙwari yana da adadin kwanakin da ake jira tsakanin feshin ƙarshe da tsinka, wani kwana 3, wani 7, wani 14 ko fiye. An rubuta a jikin kwalba, amma da Turanci, ga wanda ko Faransanci bai karanta ba. Shi kuwa zogale ana yankarsa a kai a kai, dillali na jira, kuma ganyen da tsutsa ta ci ba ya sayuwa. Kwaɗon zogalen da ake ci da sunan gina jiki, da salatin buɗa baki da ba ya ganin wuta, su ne suka fi shiga wannan haɗari. A Yamai kuma akwai ƙari: lambunan da ke bin kwarin Gunti Yena da ruwan da ya kwaso dattin birni ake shayar da wasunsu, kuma ko ba a fesa musu komai ba, ƙwayoyin cutar gudawa da taifot ba su san “bio” ba.

Ba a rasa doka a kan magungunan ba. Ƙasashen ƙungiyar CILSS suna da kwamiti guda, mai mazauni a Bamako, wanda ke tantance maganin ƙwari kafin a halatta sayar da shi, kuma duk wanda ya wuce ana ba shi lamba. Ƙungiyar majalisun manoma ta RECA ta sha zagaya kasuwanni tana lissafa abin da ke kan tebur, kuma abin da take samowa bai canza ba: mafi yawan kwalaben ba su da wannan lamba. Suna shigowa ta kan iyaka a bayan babura, ana sayar da su a rana tsaka kusa da tebur ɗin mai gishiri da magi, wani lokaci a ɗura a kwalbar lemo ba suna. Mai tebur shi ne likitan gona, shi ke faɗin awo.

Akwai kuma gubar da ba kamfani ne ya yi ta ba, wadda ta isa ta rushe tunanin cewa duk abin da ya fito daga ƙasa lafiya ne. Gyaɗa da masara in aka shanya su a ƙasa, ko aka tara su da sauran danshi, wani rimar fumfuna yana kama su ya bar sinadarin afulatoksin. Ba ya mutuwa da suya ko dahuwa. In ya yi yawa yana kisa nan take, kamar yadda ya faru a Kenya a 2004, inda gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. In kaɗan-kaɗan ne, yana taruwa ya lalata hanta, kuma haɗarin sankarar hanta yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau’in B, wanda ya yawaita a yankin Sahel. Bincike ya kuma danganta shi da tsumburewar yara. Maraɗi garin gyaɗa ne tun zamanin da ake tara dalar buhuna, kuma kowa ya san inda gyaɗar da aka tsince, mai baƙi da ƙwarzaba, take ƙarewa: ana sayar da ita da araha ga masu ƙuli-ƙuli da tunkuza, kuma a cikin tunkuzar ne gubar ta fi zama bayan an matse mai. Daga nan sai yajin tsire, sai kwaɗo, sai hannun yara a ƙofar makaranta. Gyaɗar da ba ta taɓa ganin taki ko feshi ba tana iya zama cike da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a shekara, yana kashe 420,000, kuma nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka kwatanta da yawan jama’a: miliyan 91 na rashin lafiya, 137,000 na mutuwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan duniya yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Irin wannan mutuwa ba ta yin ƙara. Yaro ya yi gudawa kwana uku, a ce zafi ne ko haƙori; magidanci ya kumbura ciki, a ce sammu. Ba wanda zai koma ya binciki buhu.

Mutanen Tibirin Gobir sun san farashin abin da ba a gwada ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 har kusan 2000, garin ya sha ruwan famfo mai sinadarin fulo fiye da iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, har dubban yara suka tashi da jajayen haƙora, wasu da lanƙwasassun ƙasusuwa. Ruwan garau yake a ido, kamar yadda waken da ba ƙwaro yake da kyau a ido. Gwajin da zai tona asirin ba mai wuya ba ne. Yin sa a kan kari ne ya gagara.

Ofisoshi dai akwai su. Akwai hukumar kare tsirrai ta DGPV da jami’anta a mashigan kan iyaka, akwai ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa LANSPEX a Yamai, akwai hukumar ƙa’idoji da tantance inganci ta ANMC, akwai jami’an tsabta na ma’aikatar lafiya, akwai likitocin dabbobi a mayanka, ga kuma dokar UEMOA ta 2007 a kan lafiyar tsirrai, dabbobi da abinci. Abin da jama’a suka fi gani daga gare su shi ne tarin madara da lemo da taliyar da wa’adinsu ya wuce, a cinna musu wuta gaban kyamara, musamman gab da azumi. Aiki ne mai kyau, amma shi ne mafi sauƙi, tunda kwanan wata a rubuce yake a jikin gwangwani. Wake, gyaɗa, zogale da tumatir, waɗanda su ne cimar yau da kullum, ba su da kwanan wata, kuma nauyinsu ya rarrabu tsakanin ma’aikatar noma, ta lafiya, ta kasuwanci da hukumomin birni, har kowa na iya cewa ba hurumina ba ne.

Inda ya dace a fara ba shi da nisa. A kowace kaka da kuma lokacin da ake fito da ajiya, a riƙa ɗibar samfurin wake da gyaɗa daga manyan sito-sito na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da ganye daga kasuwannin sari, a gwada, a kuma buga sakamakon da sunan kasuwa da kwanan wata, a karanta shi da Hausa da Zabarmanci a rediyo. Bugawar ita ce rabin aikin, domin ɗan kasuwa ya fi tsoron a ji sunan layinsa fiye da tara. Gwajin afulatoksin na farko yanzu da ɗan tsinke ake yin sa cikin mintoci, ba sai an kai samfur Yamai ba, don haka babu dalilin da zai hana kowace jaha samun nata kayan aiki. Sayar da maganin ƙwari ya koma hannun masu lasisi da aka horar, a raba shi da layin kayan abinci, kuma ƴan duwan na Ɗan Isa, Birnin Ƙwanni, Magarya da Gaya su riƙe jerin magungunan da aka halatta kamar yadda suke riƙe da jerin kuɗin fito. Duk hukumar da ke sayen wake don ajiya ko ciyar da ƴan makaranta ta sa sharaɗin buhu mai riɓi uku. Wannan kaɗai zai juya lissafin manyan dillalai.

Akwai tsoro guda da ya kamata a faɗa a fili. A ƙasashe irin wannan, da zarar an ce bincike, wanda ke fara ji a jikinsa shi ne mai ƙaramin ƙarfi: mai ƙosai, mai kwaɗo, mai tsire a bakin titi. Jami’i ya zo da rasit ko ba rasit, ya karɓi jika ɗaya ko biyu, ya wuce, abinci yana nan yadda yake. Wannan an bar jaki ne ana dukan taiki. Mai ƙosai ba ita ta fesa wa waken magani ba, saye ta yi kamar kowa. Binciken da zai yi amfani shi ne wanda ya hau sama, zuwa sito, zuwa mai shigo da kwalabe da katan-katan, zuwa inda kaya ke taruwa kafin su watsu. Shi kuma mai lambu, kafin a nuna masa sanda a nuna masa hanya: ruwan ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, da sauran dabarun da masu bincike na ƙasar suka gwada, da layin wayar ba da shawara da RECA ke gudanarwa cikin harsunan gida, wanda ya cancanci a faɗaɗa shi.

Sai a dawo kan leda. Matasan da suka rungumi noma ba sinadari da gaske, su ne suka fi kowa asara in kalmar ta zama ta kowa, domin wanda ya sha wahalar haɗa takin gargajiya da tsince tsutsa da hannu ba zai iya gasar farashi da wanda ya saro a kasuwa ya sake leda ba. Takardar shaidar Turai ta fi ƙarfin mai lambun rabin hekta. Tana da amfani ne ga ƙungiyoyin masu riɗi, aya ko ƙaro da ke neman kasuwar waje, kuma ko su sai sun haɗu, tunda sabuwar dokar ta ƙayyade rukuni ɗaya kada ya wuce manoma 2,000. Don kasuwar cikin gida akwai hanya mai sauƙi da Burkina Faso ta bi ta hannun majalisar CNABio: manoma, masu saye da malaman gona su haɗu su rubuta ƙa’ida, su riƙa ziyartar gonakin juna, wanda ya cika a ba shi tambarin BioSPG, wanda ya saɓa a karɓe. Nijar ta riga ta nuna tana iya rubuta ƙa’ida ta kare suna, tunda albasar Galmi da kilishin Nijar sun samu rajistar asali a hukumar OAPI. Abin da ya rage shi ne ANMC ta sa kalmar “bio” ta zama mai shinge a kasuwa, yadda duk wanda ya buga ta zai iya nuna wanda ya duba gonarsa da ranar da aka duba.

Ƴan ƙasa mazauna waje suna da ƙarfi a nan fiye da yadda suke zato. Sun ga yadda ake ƙwace kilishi da cuku a filayen jiragen Turai, inda doka ta hana matafiyi shigo da nama da madara a jakarsa, kuma sun san cewa fitar da irin waɗannan kaya a hukumance sai ƙasar da aka yarda da tsarin bincikenta. Da yawansu su ne ke biyan kuɗin buhun wake da na gyaɗa da ake ajiye wa iyali na shekara, su ne kuma ke zuba jari a lambuna da ƙananan masana’antun garin zogale da man gyaɗa. Wanda ya turo kuɗin buhu yana iya ƙara na buhu mai riɓi uku da tamfol ɗin shanya. Wanda ya turo jarin lambu yana da ikon ya tambayi ƙanensa wane magani ake fesawa, yana da lambar kwamitin Bamako ko babu, kuma kwana nawa ake jira kafin a tsinka.